Maharbin Da Ya Bi Sawun Ruwa

A zamanin da, tun ƙasar nan tana kurmi, tun giwa na kwana a inda kasuwarmu take ci yau, an yi wani maharbi ana ce masa Ranau. Daga arewa ya fito. Dogo ne, siriri, maganarsa ba ta da yawa, har babu wanda ya riƙe sunan garinsu domin shi kansa bai cika faɗa ba. Abin da aka riƙe shi ne kirarinsa, wanda maharban garinmu ke yi har yau in za su shiga daji:

Ranau mijin Gwamma, ido a ƙasa, kunne a iska!
Mai kibiya ɗaya, ba ka barin mai rauni ya kwana shi kaɗai!

Wannan layi na ƙarshe ba zuga ba ce kawai. Maharban wancan zamani suna da doka mai tsanani: in ka ji wa dabba rauni, dole ka bi jininta har ka ga ƙarshenta, ko da za ta kai ka bangon duniya. In ma wani ka ara wa kibiyarka ya yi ɓarnar, bin jinin naka ne, tunda daga kwarinka ta fito. Maharba da yawa suna faɗar dokar da baki. Ranau shi da ƙafa yake bin ta.

Wata shekara da bazara ya harbi gwanki, kibiya ta kama cinya, dafi bai ci sosai ba. Gwanki ya yanki daji ya yi kudu, Ranau ya bi. Ya yi ta bi har guzurinsa ya ƙare, ruwan gorarsa ya ƙare, harshensa ya kumbura a baki. Sawun bai tsaya ba sai a gindin wani baƙin dutse, dunƙule guda, sumul kamar bayan tukunyar da aka kife, tsawonsa kuwa ungulu sai ta yi kewaye kafin ta kai kansa. Kowa ya san gwanki ba ya hawa dutse. Amma ga ɗigon jini nan ya hau, don haka Ranau ya tuɓe takalmansa ya bi.

A can sama ya tarar da abin da bai zata ba. Kan dutsen ya lotsa ya yi kwarmi mai faɗin masussuka, cike taf da ruwa mai sanyi, ga ɓaure a gefe ya yi masa inuwa. Gwankin na tsaye yana sha. Tsofaffi sun ce kibiyar ta riga ta faɗi da kanta, raunin ya rufe kamar ba a taɓa yi ba. Dabba ta ɗago ta dube shi, shi ma ya dube ta. Sai Ranau ya kwance tsarkiyar bakansa, ya durƙusa a ɗaya gefen, suka sha ruwa tare. Shi ya sa wa kwarmin suna Ƙwarya, kuma daga nan dutsen ya zama Dutsen Ƙwarya.

Ya koma ya ɗauko matarsa Gwamma, suka kafa bukka a gindin dutsen ta gabas. Labarin ruwan da ba ya ƙafewa da rani ba ya ɓoyuwa. Maharba suka fara zuwa, sannan manoma, da shugabansu Nomau, wani kakkauran mutum mai iyali da yawa da murya kamar ana buga turmi. Ranau bai hana kowa zama ba. Doka ɗaya ya kafa, ba a harbi a bakin Ƙwarya. Saboda haka mata ke ɗiban ruwa ta wannan gefe, birai da barewa na sha ta wancan, remaye na shan hantsi a kan duwatsu ba mai korar wani. Aka naɗa shi Sarkin Baka, gari ya zauna lafiya har furfura ta fito masa.

Ana nan sai yunwa ta faɗa wa ƙasashen gabas. Wata rana da hantsi wasu mutane suka ɓullo ta bakin daji, duk taronsu inuwar tsamiya ɗaya ta ishe su. Sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ba su da hatsi, ba su da akuya, sai gudumomi da suka ƙi yarwa duk da nauyinsu. Babbansu ana kiransa Cinɗo, don yatsa shida gare shi a kowane hannu, gajere ne mai faɗin kafaɗa. A hanyar nan ya binne 'ya'yansa biyu, bai sami ko damar zaman makoki ba.

Gwamma ta dama musu kunu. Da suka sami kansu, Cinɗo ya je gaban Ranau ya durƙusa ya ce, "Sarkin Baka, mu ba mu iya noma ba, ba mu iya harbi ba. Dutse muka gada. In ka yarje mana mu taɓa naka, kowace mace a garin nan sai ta sami dutsen niƙa a ƙofar ɗakinta."

A lokacin matan gari a falalen dutse suke niƙa, cikin rana, gwiwoyinsu duk sun yi kanta. Da suka ji wannan magana sai guɗa ta tashi tun kafin Ranau ya buɗe baki. Shi kuwa ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya yi dariya, abin da ba a saba gani ba. Ya ce, "Baƙona, ku ɗiba inda ya yi muku. Ranar da kuka cinye shi ku zo ku gaya mini." Ya rataya kwarinsa ya tafi farauta mai nisa.

To, a nan aka yi kuskuren, kuma ni ban ga wanda zan zaga a cikinsu ba. Ranau ya ɗauka da ƙarfe ake sara, bai tambaya ba. Mutanen Cinɗo kuwa da wuta suke aiki. Mai sana'ar yakan bi dutse yana ƙwanƙwasawa da guduma, kunnensa a ƙasa. Inda ya ji amo ya mutu, sai ya wuce. Inda ya ji dutse ya amsa kamar ganga, ya san akwai rata a ƙarƙashi, fallen zai ɗago cikin sauƙi. A nan ake jera itacen ƙirya a cinna wuta, a bar ta ta ci har dutsen ya yi jawur, a share garwashi a kwara ruwan sanyi. Sai dutse ya tsage da kansa. Haka kakanninsu suka yi, kuma a ƙasarsu babu dutsen da ya taɓa ɗauke da ruwa a kansa.

Cinɗo ya kewaye gindin dutsen yana bugu, amo a mace. Ya hau kafaɗar dutsen, amo ya ɗan farka. Da ya kai ƙasa da leɓen Ƙwarya ta yamma ya buga, sai dutsen ya amsa da wata murya mai zurfi wadda bai taɓa jin mai daɗinta ba tun da ya fara riƙe guduma. An ce har hawaye ya yi. Ya kira 'yan'uwansa suka saurara, kowa ya ce lallai Allah ya ji kukansu, ga wuri mai kyau, ga ruwan kwarawa a kusa ba sai an ɗauko daga nesa ba. So suke su biya alherin da aka yi musu da aiki mafi kyau. Suka tara ƙirya, suka cinna wuta.

Da aka kwara ruwa, dutsen ya yi wani nishi kamar saniya mai naƙuda, aka ji shi har cikin gari. Falle bai ɗago ba. Tsaga ce ta tashi daga wurin wutar, ta haura, ta ratsa leɓen Ƙwarya ta shige cikin ruwa. Mutane na tsaye suna kallo ruwan ya fara juyawa yana sauka. Mata suka ruga da tuluna da ƙore suna kamfata, Cinɗo ya faɗa ciki yana cusa rigarsa a tsagar, yana dannawa da hannuwansa masu yatsa shida. A banza. Kafin rana ta karkata babu abin da ya rage sai laka da kwaɗi. Aka duba gindin dutsen ta kowace fuska, ko danshi babu. Birai suka jeru a kan dutse suka juya wa gari baya.

Tsakiyar bazara ce, kogi mafi kusa kuwa sai an yi kwanaki ana tafiya. Ruwan da aka kamfata shi ne dukan abin da gari ya mallaka.

Ranau ya dawo ya tarar an tara baƙin a gindin tsamiya, maza sun kewaye su da sanduna. Nomau ke magana. Kada wani ya ɗauke shi mugu, jikokinsa ne ke kukan ƙishirwa a bayansa. Ya ce, "Sarkin Baka, mun ba su kunu sun ba mu ƙishirwa. Ba mu ce a kashe kowa ba. Su kama hanyar da ta kawo su, yanzu, kada su ƙara shan ɗigo ɗaya a abin da ya rage."

Kowa a wurin ya san ma'anar wannan. Mutanen da suka iso da ƙyar, a mayar da su daji da bazara ba ruwa, ai an kashe su ke nan, sai dai ba a gaban ido ba. Cinɗo bai roƙi kansa ba. Kansa a sunkuye ya ce, "Ni na ƙwanƙwasa, ni na zaɓi wurin. Ku kore ni, ku bar matan."

Ranau ya dubi taron ya ce, "Wa ya ce su ɗiba inda ya yi musu?"

Sai ya amsa wa kansa.

Ya ce, "Kibiyar tawa ce, ara musu na yi. Dutsen nan an ji masa rauni, jininsa ya gudu, kuma bin jinin nawa ne. Ruwa mai yawan nan bai hau sama ba, yana wani wuri. Ku bar mini baƙina har in dawo. In na dawo hannu wofi, ni da su za mu kama hanya."

Gwamma ta ce, "Maigida, har da ni ke nan." Ba ta ƙara ba, shi ma bai hana ta ba.

Ba a taɓa jin maharbi ya bi sawun ruwa ba, sai Ranau. Ya fara daga tsagar ya gangaro, yana sansana dutse, yana shafa shi da tafin hannu ko zai ji sanyi. Ya duba ganyen kowane ɓaure da ya maƙale a jikin dutsen, wanne ya yi laushi, wanne ya tsaya. Ya zauna ya ga inda remaye suka koma. A gari kuwa ana raba ruwa da ludayi, yara sun daina wasa, wasu gidaje har sun fara ɗaure kaya. Idon da ya saba gane sawun barewa a kan tsakuwa ya yi ta nema bai ga komai ba, kuma an ce a nan ne kaɗai aka taɓa ganin tsoro a fuskarsa.

Abin da ya cece shi ƙarami ne. Yana zaune ta yammacin dutsen, inda ba mai zuwa saboda ƙaya, sai zanzaro ya wuce ta gaban hancinsa ɗauke da ɗigon laka zai je ginin ɗakinsa. Ranau ya bi shi da ido. Lakar ɗanya ce, a bazarar da ƙasa ta tsage ko'ina. Ya jira wani ya zo, ya lura da inda ya fito, ya matsa. Ya sake jira, ya sake matsawa. Da haka zanzaro suka kai shi wani wuri da wani ƙaton fallen dutse ya jingina da uwar dutsen kamar ƙyaure, da 'yar rata a gefe. Ya kara kunne. Can ciki, a bayan fallen, ruwa na ɗiga.

Ya aika aka zo da Cinɗo. Cinɗo ya ɗaga guduma ba da son ransa ba, don ya riga ya rantse ba zai sake taɓa dutsen nan ba. Ya buga, ya saurara, ya sake bugawa. Ya ce, "Sarkin Baka, ruwan na nan, ya taru a baya. Amma fallen ya yi kauri. Wutar waje kaɗai ba za ta ci shi ba, sai an hura wata ta ciki, kuma ciki ba iska, sai da mai fifita. Sannan in ya yi ja, sai an kwara masa ruwa da yawa." Ya san abin da ya faɗa. Ruwan da ya rage wa gari yake nufi.

Da maganar ta isa gari Nomau ya ce hauka ne. Wutar da ta kwashe musu Ƙwarya ita za a sake cinnawa, a kuma zuba mata ɗan abin da yara ke lasa? Gwamma ba ta yi gardama da shi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tulunta, ta ɗora a ka, ta ratsa tsakiyar maza ta nufi yamma. Matan maharba suka bi ta. Matan manoma suka dubi mazansu, su ma suka ɗauka. Nomau ne ya zo a ƙarshe, rungume da randar gidansa, yana tafe yana faɗa. Ya dire ta a gaban Ranau ya ce, "In wannan ta tafi a banza, ni da kai ne har lahira."

Saura mai shiga. Cinɗo ya ce shi ne, ya cusa kai cikin ratar, kafaɗunsa suka ƙi wucewa. Ya yi ta turawa har fata ta saluɓe, sai da aka jawo shi ta ƙafa. Ranau ya ajiye baka da kwari a hannun Gwamma, ya karɓi mafici, ya shige a kaikaice kamar an auna ratar da jikinsa. Aka riƙa miƙa masa ƙirya.

Wuta ta kama ciki da waje. Hayaƙi ya riƙa fitowa ta ratar, baƙi ƙirin, ana jin tarin Ranau da ƙarar maficinsa. Cinɗo ya yi ta kira, "Maigida, fito haka nan, ya isa!" Daga ciki murya ta ce, "Dutsen ya yi ja?" Cinɗo ya duba, ya kasa yin ƙarya. Ya ce, "Da saura." Mafici ya ci gaba.

Da fallen ya yi jawur Cinɗo ya yi ihu Ranau ya fito, amma hayaƙi ya riga ya ɗauke masa hanya, yana lalube bai sami ratar ba. Dutse kuma ba ya jira, in ya huce aikin ya ɓaci, babu wani itace, babu wani ruwa. Ranau ya gane haka. Ya ce, "Baƙona, ku zuba!" Cinɗo ya dubi Gwamma. Gwamma ta ɗaga tulunta da hannunta ta fara kwarawa.

Ƙarar da aka ji ta fi ta farko. Fallen ya rabe biyu, tururi ya turnuƙe, sai ga ruwa ya ɓalle ta tsakiya yana tunkuɗo garwashi, ya bi ta ƙafafun mutane ya gangara. Ba wanda ya tsaya sha. Cinɗo ya kutsa cikin tururin ya fito da Ranau a kafaɗa, da ransa, amma wuta da tururi sun cinye idanun nan da suka ga lakar bakin zanzaro.

Da Ranau ya farfaɗo ya ji ƙarar gudun ruwa a kusa, ya ce, "Baƙona, ruwan ya zo?"

Cinɗo ya kama hannunsa ya tsoma a ciki. Yana kuka ya ce, "Ya zo, maigida."

Ranau ya ce, "To, na ga ƙarshen jinin. A ba baƙina su fara sha." Nomau da kansa ya cika ƙwarya ya miƙa wa matar Cinɗo.

Ranau bai sake ja baka ba. Ya yi shekaru bayan haka, kuma duk inda za shi Cinɗo ne ke riƙe masa hannu, bai taɓa yarda ya bar wa wani ba, har Gwamma takan yi masa tsiya ta ce ya ƙwace mata miji. Mutanen Cinɗo suka zauna ta yamma kusa da marmaron, suka ci gaba da fasa dutsen niƙa a ƙananan duwatsu na nesa. Unguwarsu ce ake kira Gudumawa. An ce ranar da aka binne Ranau an ga wani tsohon gwanki ya zo ya sha ruwa a marmaron ya juya, ba wanda ya ɗaga masa hannu.

Wanda ya hau Dutsen Ƙwarya yau zai ga tsagar, baƙin wutar na nan a gefenta bai goge ba. Ƙwarya takan tara ruwa da damina, ya tsiyaye kafin kaka. Marmaron kuwa bai taɓa ƙafewa ba. Ba a hura wuta a kan dutsen, ko taba ba a kunnawa. Shekarun baya da wasu suka zo da injuna suna neman izinin fasa shi su yi tsakuwa, Gudumawa ne suka fara zuwa suka zauna a gindinsa suka ƙi tashi, har masu injunan suka gaji suka tafi.

Kowace shekara in bazara ta tsananta, gari kan fita yamma. A ɗaure wa dattijon gidan Ranau idanu da farin ƙyalle, dattijon Gudumawa ya kama hannunsa ya bi da shi ta cikin ƙaya har bakin marmaro. Na gidan Ranau ya ce, "Baƙona, ruwan ya zo?" Na Gudumawa ya tsoma masa hannu ya ce, "Ya zo, maigida." Na sha ganin wannan tun ina ƙarami.

Mutanen garinmu akwai tsokana. Bagudume ba ya wucewa kasuwa ba a ce masa a ɓoye ashana ba, ga masu ƙona ruwa sun iso, shi ma ya rama a yi dariya. Manoma na yi, mahauta na yi, har baƙin da suka zo jiya sun koya. Gida ɗaya ne kawai ba a taɓa jin wannan wasa a bakinsu ba, gidan da suka fi kowa hakkin yinsa. Ka tambayi ɗan gidan Ranau wa ya fasa Ƙwarya, ko yaro ne, zai ce maka, "Mu ne."